Neman Ƙwarewa a Likitancin Haƙori a Amurka: An Cire Maki, Gasa Ta Ƙi Lafawa

A Amurka, kafin a kira mutum likitan haƙori, yawanci sai ya yi shekara huɗu a digirin farko, ya ƙara huɗu a makarantar likitancin haƙori. In kuma yana son ƙwarewa a ɗaya daga cikin fannoni 12 da aka amince da su, sai ya sake shiga wani layin. Layin da ya fi cunkoso shi ne na daidaita jerin haƙora da na tiyatar baki da muƙamuƙi, wadda horonta ke cin shekara huɗu zuwa shida.

Da can makin jarrabawar ƙasa ne ma'auni. A 2012 aka daina bayyana shi, aka koma ko ka ci ko ka faɗi, domin an yi jarrabawar ne don ba da lasisi, ba don fifita wani a kan wani ba. Hujja ce mai kyau. Sai dai gasar ba ta mutu ba, gida kawai ta sauya. Masu neman tiyata suka koma kan CBSE, jarrabawar ɗaliban likitanci. Za ka ga ɗalibi ya yini yana cike ramin haƙori, da dare ya buɗe littafin cututtukan ƙoda da zuciya. A 2016 Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka ta ƙirƙiro jarrabawar ADAT don cike giɓin.

Abin da ke damuna shi ne sauran ma'aunan: wasiƙun yabo daga manyan malamai, aikin bincike, da zuwa asibitocin wasu jihohi a yi makonni don a san fuskarka. Duk waɗannan kuɗi ne, tikitin jirgi da masauki, ga ɗalibin da bashin karatu ya riga ya yi wa katutu, sau da yawa kusan dala dubu 300. Wasu makarantun daidaita haƙora ma kuɗin karatu suke karɓa, alhali likitan da ke horo a asibiti albashi ake biyansa.

Likitocinmu masu burin zuwa can su bincika tun kafin su kashe ko sisi: makarantu da dama ba sa karɓar wanda bai yi digirinsa a Amurka ko Kanada ba.