Ɗurin Bindigar Gargajiya da Kiyaye Awo

Bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasar Zango, domin tun zamanin da sarakunan Daura na Haɓe suka zauna a garin bayan jihadi, har zuwa 1906 da Turawa suka mayar da sarkin Zango, Malam Musa, gadon Daura, ƙasar tana maƙwabtaka da Damagaram, inda Sarki Tanimun ya tara bindigogi masu yawa, ya sa aka ƙera igwa, ana kuma haɗa albarushi a birnin Zinder. Har yau 'yan bindiga suna gaba a hawan Salla da Sallar Gani, maharba kuwa ba su rabu da adaka ba.

Ita adaka ba ta cin harsashin kanti; da hannu ake ɗura ta, ta baki, a tura tsumma a danna da sanda, saboda haka lafiyar mai harbi da ta jama'ar da ke kewaye da shi duka sun rataya ne a kan awo. A Amurka ma akwai masu sha'awar gasar harbi da ƙaramar bindiga waɗanda suke cika harsashinsu da kansu, amma ba sa zuba albarushi sai sun ɗora shi a mizani sun duba littafin ƙa'ida, alhali kuwa bindigoginsu na kamfani ne, an jarraba ƙarfinsu. To, ina ga wadda maƙeri ya haɗa da bututun ƙarfe, ta shekara a jingine bayan ƙyaure tsatsa tana cin cikinta?

Abin takaici, samari sukan ƙara albarushi don ƙarar tasu ta fi ta kowa ranar hawa, bututun ya tsage, yatsu su tafi. Wani kuma gaggawa ce: ya sake ɗuri garwashi bai mutu a ciki ba, ta tashi a hannunsa. Mafi muni shi ne zuba albarushin harsashin zamani a adaka, wanda ƙarfinsa ya wuce abin da za ta iya ɗauka.

Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta ba hukuma ikon wajabta neman lasisi ko da a kan adaka ne. Muna roƙon shugabannin maharba da na 'yan bindiga su riƙa duba kowace bindiga kafin hawa, su hana yara ɗuri, kuma kada a ajiye albarushi kusa da murhu.