Fasalin aji da na'urori marasa waya: zama, sauti da zafi

1. Gabatarwa

Ajin da muka gada daga makarantar Faransa an tsara shi ne don mutum ɗaya ya yi magana, saura su saurara: tebura a jere, kowa na fuskantar allo. Salula da ƙaramar kwamfuta ba su buƙatar waya, saboda haka ɗalibi na iya aiki da su ko'ina. Amma in fasalin ɗakin bai sake ba, wannan ƴanci ba ya da amfani. Abubuwa uku za mu duba.

2. Zama

Teburin da ke haɗe da bancinsa yana da nauyi, ba ya juyuwa. Gara ƙananan tebura da kujeru daban, waɗanda yara biyu ke iya ɗauka, tare da tabarmi. Makarantar allo ta daɗe da sanin wannan: almajiri na riƙe da allonsa, da'irar zama tana faɗaɗa ko ta tsuke gwargwadon buƙata.

3. Sauti

A 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada hayaniyar cikin aji ta wuce desibel 35, kada amsa-kuwwa ta wuce sakan 0,6. Rufin kwano da daɓen siminti suna ƙara amo. Wannan ya shafi koyon harshe: gado na kwanciya da gado na magada, tsawon wasali da karin sauti ne suka bambanta su. In rukuni biyar na magana lokaci guda, wanda ke sauraren muryar da aka ɗauka ba zai ji bambancin ba. Ana buƙatar silin, da tabarmi a bango, da wani lungu na ɗaukar murya.

4. Zafi da wuta

Galibin salula an ƙera su don zafin da bai wuce digiri 35 ba, alhali a Maraɗi da Tawa yana wuce 40 a watan Afrilu. Makarantar Gando ta Burkina Faso, wadda Francis Kéré ya gina a 2001, ta nuna mafita: bulon ƙasa da rufin da aka ɗaga don iska ta ratsa. Wurin cajin batir kuwa sai ɗakin gini. Ajin zana bai dace ba: gobarar Yamai da ta Maraɗi a 2021 sun halaka yara fiye da 40.

5. Kammalawa

A ganinmu, kamata ya yi kuɗin kujeru, silin da rufi su riga kuɗin na'urori shiga kasafi.