Keke Da Doguwar Hanya: Abin Da Ake Hangowa Daga Gubi

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da aka janye tallafin man fetur, keke ya dawo kan titunan Arewa da ƙarfinsa. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. A hanyar Bauchi zuwa Ningi, wadda ta ratsa ta Gubi, inda Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ke da mazauninta na dindindin, kusa da madatsar ruwan da ke shayar da birnin, sauyin a fili yake da sassafe: manomi da fartanya ɗaure a kariya, lebura da ya jingine babur a zaure, mai kayan miya yana taka feda zuwa kasuwar Muda Lawal. Wannan hawan dole ne. Amma a gefensa wani hawan na ƙara tasowa, na masu ɗaura guzuri su nufi garin da ke nesa da ɗaruruwa ko dubban kilomita.

A watan Fabrairun 2021 Aliyu Abdullahi Bala ya bar Jos a kan keke, bai isa Saudiyya ba sai Disambar 2022. A 2023 wani matashi ɗan Gini, Mamadou Safayou Barry, ya taka kimanin kilomita 4,000 ta Mali, Burkina Faso, Togo, Binin da Nijar har Chadi, da niyyar karatu a Jami'ar Azhar. Sau uku ana tsare shi a hanya. A Chadi jama'a suka yi masa karo-karon kuɗin jirgi zuwa Alƙahira.

Me ke fitar da mutum haka? Tsadar rayuwa na ciki, ganin kujerar aikin Hajji ta haura naira miliyan 8 a 2025. Sai dai ba ita kaɗai ba ce, domin wanda ya shekara a hanya ya ci abin da ya ci. A ganina tushen ya fi haka zurfi. Kakanninmu sun bi hanyar gabas a ƙasa da jakuna, ta Barno da Wadai da Darfur, suna yada zango su yi noma ko ƙodago su ƙara gaba. Wasu ba su dawo ba. Garin Mai Wurno a Sudan ya kafu ne da waɗanda suka tsira daga yaƙin Burmi na 1903. Mai keken yau wannan sawun yake bi, shi ya sa in ya sauka a masallacin ƙauye ba a yi masa kallon mahaukaci. A ba shi ruwa, a kawo tuwo, a ce Allah ya kai lafiya. Bature mai shiga ayarin Tour d'Afrique, wanda aka fara a 2003 daga Alƙahira zuwa Kef Tawun, dubban daloli yake biya, mota na biye da kayansa. Namu karamcin mutane ne jarinsa.

Sai kuma waya. A da matafiyi kan ɓace har sai labari ya zo ta bakin fatake. Yanzu kowane zango yana kan Facebook da TikTok, masu bibiya na turo kuɗin abinci da na faci. Wannan ya sauƙaƙa tafiyar, ya kuma jawo mata abin da ke damuna. Tun 2015, da Suleiman Hashimu ya taka daga Legas zuwa Abuja don murnar zaɓen Buhari, tattaki ya zama hanyar ganin manya. Keke ya gaji wannan. Yaro ya fita ba horo, ba hular kwano, ba ko fitila, yana lissafin ambulan da za a miƙa masa a ƙofar gidan gwamnati. Idan ba a tarbe shi ba, ya dawo da bashi da ciwon gwiwa, mai tafiya don Allah kuma a soma yi masa kallon maroƙi.

Ita hanyar ba ta san niyyar kowa ba. Daga Bauchi zuwa Jos wajen kilomita 130 ne, amma mutum zai tashi daga tsayin mita 600 ya kai kusan 1,200. Bayan Toro da Tilden Fulani hawan kan tilasta mai keke marar giya ya sauka ya tura, ga tirela na huci a bayansa, gefen kwalta ya zaizaye. A dawowa birki ne ke shan wuya. Wanda ya nufi arewa, ta Ningi da Birnin Kudu zuwa Kano da Damagaram, wahalarsa daban: iskar hunturu na bugun ƙirji daga arewa maso gabas, zafin Afrilu ya haura digiri 40, ƙaya na huda taya, kaca na cin yashi. Ruwa shi ne babban lissafi, kowace lita kilo guda ce a kan kariya. Abin da ke rufa asiri shi ne mai faci a gindin bishiya, da kwanon ruwansa yana neman inda kumfa ke fita. Keken da ya san kayansa, irin Phoenix da Raleigh na da, ya fi na zamani mai tsada amfani a nan.

Babbar matsalar yanzu ita ce hanyar gabas ta toshe. Yaƙin Sudan ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, watanni kaɗan bayan isar Aliyu. Juyin mulkin Nijar na Yulin shekarar ya sa aka rufe iyaka har Maris ɗin 2024. Duk wanda ke zuga yaro ya nufi Darfur a kan keke a yau, alhakinsa yake ɗauka.

Shi ya sa nake ganin wannan sha'awar za ta juyo gida, kuma Bauchi na da inda za a kai ta: duwatsun Zaranda da Buzaye, gandun Sumu ta wajen Kafin Madaki, Yankari mai nisan kilomita ɗari da 'yan kai. Ɗaliban Gubi na iya kafa ƙungiya su fara da tafiyar yini guda, su koyi faci da tattalin ruwa kafin su yi maganar Sahara. Abin da suke buƙata daga hukuma shi ne dai abin da manomin nan mai fartanya ke buƙata: gefen titi mai kwalta daga cikin gari zuwa Gubi, da jami'an kiyaye haɗurra da za su sa direbobin manyan motoci su rage gudu a wannan tsakanin.