Abin da ke sa GitHub ƙin karɓar aikin masu haɗa manhaja

A watan Nuwamban 2013, wani mai haɗa manhaja ya tura aiki da ƙarfin tsiya zuwa rumbunan manhajar Jenkins da ke kan GitHub, bisa kuskure. Nan take rumbuna sama da 150 suka koma yadda suke a baya, aikin da wasu suka ƙara ya ɓace daga gani. Sai da ma'aikatan GitHub suka sa hannu kafin a dawo da shi.

Irin wannan ɓarna ce Git, manhajar adana tarihin aiki da Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005, ke ƙoƙarin hanawa duk lokacin da ta ƙi karɓar umarnin git push.

Matsalar kan samu waɗanda ke aiki inda intanet ke yankewa. Git na bai wa mutum damar adana canje-canjensa a kwamfutarsa ba tare da intanet ba. Don haka matashin da ke aiki daga Tarka, a yankin Damargu na jihar Damagaram, zai iya yin kwana uku yana rubutu, alhali abokan aikinsa na Maraɗi ko Kano sun riga sun tura nasu. Ranar da ya samu sabis ya tura, sai saƙon fetch first ko non-fast-forward ya fito. Ma'anarsa ita ce rumbun ya yi gaba ya bar shi, kuma karɓar nasa a haka zai shafe na wasu.

Maganin shi ne ya fara janyo abin da ke can da git pull --rebase, wanda zai ɗora aikinsa a kan na abokansa. Idan sun taɓa layi ɗaya, Git za ta tsaya ta nuna wurin, shi zai zaɓi wanda za a bari, sannan ya sake turawa.

Wani lokacin kuma matsalar izini ce. Tun ranar 13 ga Agustan 2021 GitHub ya daina karɓar kalmar sirri wajen tura aiki, sai dai token ko makullin SSH. Yana kuma ƙin duk fayil da ya haura megabait 100, kuma goge shi kawai ba ya wadatarwa, domin yana nan a cikin tarihin aikin, sai an cire shi daga can.

Sababbin shiga da dama kan garzaya ga --force idan sun gaji, wanda shi ne ya jawo abin da ya faru da Jenkins. Idan tilas ta kama, --force-with-lease ya fi aminci, domin yana fasa turawa idan wani ya ƙara aiki tun bayan janyowar ƙarshe. Masu kula da rumbu kuma na iya kulle babban reshe, ta yadda ba wanda zai tura kai-tsaye sai an duba aikinsa.