Mafarin Abu da Sunayensa a Bakin Hausawa

Duk wanda ya kwana a unguwar Turaki ta birnin Jalingo, ya tashi tun da assalatu ya kasa kunne, zai tarar cewa kafin hantsi ya dubi ludayi an riga an soma abubuwa barkatai a kewayensa, amma da wuya ya ji an ambaci biyu daga cikinsu da lafazi guda. Alfijir ketowa yake yi, salla tayar da ita ake yi, mai shayi hura wuta yake yi, ɗan tireda ya buɗe shago, ma'aikaci ya kama aiki, almajirai su ɗauki karatu, ita kuwa kasuwa sai jama'a sun hallara an shiga ciniki sannan a ce tana ci. Wannan yalwa ta lugga ta daɗe tana ba ni sha'awa, domin na lura cewa kowace kalma daga cikinsu tana ɗauke da hukunci a kan abin da aka soma, wato wa ya soma shi, da wace niyya, kuma wa za a tambaya in ya lalace.

Kalmomi biyu ne iyayen wannan babi, fara da soma, kuma galibi ana musanya ɗaya da ɗaya ba tare da ma'ana ta jirkita ba. Daga gare su ne aka sami farko, da fari, da mafari, da masomi. Rubutun boko ya ɗan cuci ɗaya daga cikin waɗannan, saboda da haruffa huɗu iri ɗaya ake rubuta fari na launi, da fari na ƙarancin ruwan sama, da fari na ɗan fari, alhali kuwa a baki kowannensu dabam yake, kuma mai rubutun ajami yakan ja wasalin na ukun da alifi har mai karatu ya rarrabe. Ɗan farin nan kuwa shi ne ya fi kowa nuna nauyin da mafari yake da shi a zukatanmu, domin shi ne ɗan da uwa take kawaicin kiran sunansa, ta yi kamar ba ta damu da shi ba a gaban mutane, alhali shi ne ya mai da ita uwa. Fulani ma, waɗanda suke da yawa a wannan ƙasa ta Muri, sun keɓe masa laƙabi, suna ce masa Dikko.

Haka kuma Bahaushe bai yarda a kira kowane motsi farawa ba. Akwai sharar fage, irin wadda ƙananan 'yan dambe suke yi kafin manya su fito. Akwai somin-taɓi, wato ɗan abin da ake gabatarwa don a nuna cewa babban yana tafe. Sannan can gaba akwai kankama, wadda ita ce shaidar cewa abu ya kafu, ba ya komawa baya. Manomi ya fi kowa sanin wannan bambanci. Yayyafin farko ba ya ruɗinsa, sai ya tona ƙasa ya ga iyakar inda laima ta kai kafin ya ce an yi ruwan shuka, kuma ko bayan ya shuka hankalinsa ba ya kwanciya sai damina ta kankama. Wanda ya yi binne kuwa, wato ya zuba iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, ya san sarai cewa nasa aikin rabin farawa ne, sauran rabin yana hannun Ubangiji.

A nan ne, a ganina, asirin kalmomin yake. In ka tattara su za ka ga sun rabu gida biyu. A gida na ɗaya abin shi yake zuwa da kansa, ɗan Adam ɗan kallo ne kawai: damina ta faɗi, wata ya tsaya, sanyi ya shigo, annoba ta ɓulla, yaƙi ya ɓarke, fitina ta kunno kai. A gida na biyu kuwa akwai hannun mutum a fili: an kafa gari, an aza harsashin masallaci, an assasa makaranta, an ɗaura aure, an raɗa wa jariri suna, an ɗauki azumi. Saboda haka idan rigima ta auku tsakanin maƙwabta, wani ya ce faɗa ya ɓarke, wani kuma ya ce wane ne ya tayar da faɗa, to, ba labari guda suka bayar ba, domin na farko ya wanke kowa, na biyu kuwa ya ɗora alhaki a wuyan mutum. Alƙali mai basira yakan saurari wannan tun kafin a kawo shaidu.

Da Musulunci ya zo, sai ya ƙara wa wannan taska wata kalma wadda ta rinjayi sauran duka, ita ce bisimilla. Ta shiga harshe har ta zama ita kanta umurnin farawa: mai gida ya ajiye akushi ya ce wa baƙo bisimilla, mai shago ya nuna maka kujera ya ce bisimilla, shugaban taro ya dubi mai jawabi ya ce bisimilla, kuma kowannensu ya fahimci abin da ake nufi. Asalinta sananne ne. Surorin Alƙur'ani mai girma 114 ne, 113 daga cikinsu da basmala suka buɗe, sai Suratut Tauba kaɗai, amma kuma basmalar ta zo a tsakiyar Suratun Namli cikin wasiƙar Annabi Sulaimanu zuwa ga sarauniyar Saba'i, adadin ya cika. Sura ta farko a Mus'hafi sunanta Fatiha, ma'ana mabuɗiya, kuma da ita muke ɗaura aure, da ita muke rufe addu'a. Yaron da aka kai makarantar allo a zauren wani malami a Turaki, kafin ya iya haɗa baƙi da wasali, sai ya bi ta babbaƙu, yana rera alu, ambaki, wau, zal, sannan farfaru, sannan hajjatu, kuma haruffan nan da ya fara sani na neman tsari ne daga Shaiɗan, na basmala suna biye. Ba a bar shi ya san harafi ko ɗaya ba face ta ƙofar ambaton Allah.

Malaman fiƙihu kuwa sun mai da mafarin aiki can cikin zuciya, inda ido ba ya gani. A wurinsu salla ba ta ƙulluwa sai da niyya da kabbarar harama, azumi ba ya inganta sai an kwana da niyyarsa. Imamu Buhari ya buɗe Sahihinsa da babin yadda wahayi ya fara, ya kuma sa hadisin niyya a gaban dukan hadisai, haka Imamu Nawawi ya yi a Arba'una, wanda ɗalibanmu suke haddacewa. Akwai kuma wata lura ta masu lugga wadda ta cancanci a tsaya a kanta. Larabci yana da tushe biyu masu kama da juna a kunnen Bahaushe, ɗaya yana ƙarewa da hamza, ɗaya da aini. Daga na farko aka sami bidaya da mubtada'i, wanda ɗalibin nahawu ya san shi ne sunan da ake buɗe jumla da shi a jira habarinsa. Daga na biyu aka sami bidi'a, wato ƙago abin da ba shi da magabaci, wadda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya wallafa Ihya'us Sunna don kashe ta. Harafi guda ne tsakanin farawa abin yabo da ƙagowa abin zargi a addini.

To, amma mas'alar da ta fi wuya ita ce ta tarihi, domin shi tarihi ba ya zuwa da alamar inda ya fara, mutane ne suke zaɓa. A zamanin halifancin Sayyidina Umar, wajen shekara ta 17 bayan Hijira, sahabbai suka yi shawara a kan inda za a soma ƙirgen shekarun Musulmi, ko daga haihuwar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko daga aiko shi, ko daga wafatinsa, daga bisani suka tsaya a kan Hijira ta shekarar 622 Miladiyya. Kuma ko da yake a watan Rabi'ul Awwal ya isa Madina, sai suka sa Muharram ya zama farkon shekara.

In muka dawo gida, wace amsa za mu ba yaron da ya tambaye mu yaushe Jalingo ta fara? Ma'aikacin gwamnati zai ce ran 27 ga Agusta, 1991, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanki jihar Taraba daga tsohuwar Gongola ta mai da Jalingo hedikwata. Mutumin fada zai ce a'a, a 1893 ne Sarkin Muri Muhammadu Nya ya kafa ta a matsayin sansanin yaƙi, sunan ma na Fulatanci ne mai nuna rinjaye da ɗaukaka. In ya so ya ƙara zurfafawa sai ya koma 1817, zamanin da Modibbo Hammaruwa, ɗan'uwan Buba Yero na Gombe, ya assasa masarautar a garin Muri da ke hayin Binuwai. Sunayen unguwanninmu suna ba wannan riwaya ƙarfi, domin Turaki, da Barade, da Majidaɗi, da Sarkin Dawaki, da Sintali duk sunayen sarautu ne, kuma garin da aka raɗa wa unguwanninsa sunayen manyan fada, lalle a kewayen sarki ya tsiro. Shi kuwa mutumin Kona, wanda kakanninsa Jukunawa suke zaune a wannan ƙasa tun kafin a kafa sansanin, amsarsa dabam ce, domin ya san cewa a ƙarshen 1892 wani hafsan jiragen ruwa na Faransa mai suna Mizon, wanda ya hauro Binuwai, ya taimaki Sarki Nya da igwa aka ci garinsu, sannan Jalingo ta samu. Abin da wani yake kira mafari, a wurin wani ranar baƙin ciki ce.

Hausawa sukan ce wane ne ya sari garin nan, wato shi ya fara sa gatari a dajin. Kalma ce mai kyau, amma tana ɗauke da da'awar cewa daji aka tarar, ba kowa a cikinsa, kuma sau da yawa ba haka abin yake ba. Shi ya sa nake ganin wajibi ne mu riƙa rarrabe fari da asali, mu rarrabe kafa da tararwa. Kowace daga cikin amsoshin nan uku gaskiya ce a muhallinta, ɓarna tana shigowa ne sa'ad da mutum ya ɗauki tasa ya mai da ita hujjar korar ɗan'uwansa, ya ce shi ne ɗan asali, wancan baƙo ne. Jihar da ta tara Mumuye, da Jukun, da Fulani, da Hausawa, da Tibi, da Kuteb, da Mambila, da wasu da dama, ta ɗanɗani ɗacin wannan gardama fiye da sau ɗaya, kuma ban ga maganinta ba sai kowa ya iya faɗin mafarin maƙwabcinsa daidai yadda maƙwabcin zai yarda.

Saboda haka ina roƙon matasan Turaki masu ilmi, na boko da na zaure, su je wurin dattawan da suka rage, maza da mata, na unguwarsu da na Kona, su tambaye su wa ya fara zama a ina, wa ya haƙa rijiyar farko, wa ya aza harsashin masallacin unguwa, daga wace ƙasa kakanninsu suka taso, su rubuta kowace riwaya da sunan mai ita da irin kalmar da ya yi amfani da ita, ko kafawa ya ce, ko sara, ko tararwa. Dattawan nan raguwa suke yi kowace shekara. A soma a bana, kada a jira baɗi.