Yadda 'yan sa-kai ke kula da kyanwoyin da aka yasar a tsakiyar birnin Rum

A tsakiyar birnin Rum na ƙasar Italiya akwai wani fili da ake kira Largo di Torre Argentina, inda kangayen wuraren bauta huɗu na Rumawan dā suke. A nan ne kuma ake da ragowar zauren da aka kashe Julius Kaisar ranar 15 ga Maris, shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A yau filin ya shahara da wani abu daban, wato gidan kula da kyanwoyi marasa galihu da 'yan sa-kai ke gudanarwa.

An tono kangayen ne a ƙarshen shekarun 1920, kuma ba a jima ba kyanwoyin titi suka mayar da wurin mafaka, saboda ya yi ƙasa da hanyar motoci. Shekara da shekaru wasu mata mazauna birnin, waɗanda Italiyawa ke kira “gattare”, suke kai musu abinci. Sai a farkon shekarun 1990 aikin ya samu tsari, inda aka buɗe gidan a wani ɗaki da ke ƙarƙashin titi. Da gudummawar jama'a da ta masu yawon buɗe ido ake tafiyar da shi.

Abin da doka ta tanada

A shekarar 1991 Italiya ta kafa doka mai lamba 281, wadda ta haramta cutar da kyanwoyin da ke rayuwa a sake. Dokar ta tanadi a yi musu tiyatar hana haihuwa, sannan a mayar da su cikin garkensu. Ba a yarda a kashe su ba, sai idan suna fama da ciwo mai tsanani ko wanda ba ya warkewa. Ta kuma bai wa ƙungiyoyin kare dabbobi damar kula da irin waɗannan garkuna tare da amincewar hukumomin lafiya.

Dalilin fifita tiyatar a bayyane yake. Kyanwa na iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu, cikin nata bai wuce kwana 63 zuwa 65 ba, kuma tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Saboda haka ciyarwa kaɗai ba ta rage wahalar. Ƙara yawan 'ya'yan da za su taso cikin yunwa da cuta take yi. Bayan an fiɗiye muzuru ko an yi wa macen tiyata, akan yanke ɗan tsinin kunne guda domin a gane ta daga nesa, kada a sake kama ta.

Aikin yau da kullum

Mafi yawan aikin ɗan sa-kai a irin waɗannan gidaje shara ce da wanke-wanke: kwashe kashi, wanke kwanoni da keji, sauya shimfiɗa, raba abinci da ba da magani kamar yadda likitan dabbobi ya rubuta. Sabuwar kyanwar da aka kawo akan killace ta, a duba lafiyarta, a yi mata allurar rigakafi kafin ta haɗu da sauran, domin cututtukan numfashi da makero na saurin yaɗuwa a inda dabbobi suka taru. A Torre Argentina, makafi da guragu da tsofaffin da ba za su iya zama a kangayen ba ana ajiye su a cikin ɗaki.

Jarirai marasa uwa su ne suka fi cin lokaci. Ana haihuwar ɗan kyanwa da nauyin da bai wuce kimanin giram 100 ba, idanunsa a rufe, kuma ba ya iya ɗumama jikinsa da kansa. A makonnin farko yana buƙatar a shayar da shi duk bayan awa biyu ko uku, dare da rana, da madarar da aka haɗa musamman domin kyanwoyi, saboda nonon saniya na sa shi gudawa. Ba a ba shi madara jikinsa na sanyi, sai an fara ɗumama shi. Bayan ya sha, sai a goge masa ƙasan ciki da auduga mai ɗumi, kamar yadda uwarsa ke yi da harshe, domin ba ya iya fitsari ko kashi shi kaɗai sai ya kai kimanin mako uku. Wannan ne ya sa gidaje da dama ke miƙa jarirai ga masu riƙo a gidajensu har a yaye su.

Ko wasan da ake yi da su aiki ne. Tsakanin mako biyu zuwa bakwai ne ɗan kyanwa ke sabawa da mutane. Wanda ya wuce wannan lokaci ba a taɓa shi ba yakan taso da tsoro, kuma da wuya a samu mai ɗaukarsa.

Ƙalubale

Shaharar gidan ta jawo masa matsala, domin wasu na zuwa su yar da kyanwoyinsu a wurin. A shekarar 2012 kuma hukumomin kula da kayan tarihi suka nemi a tashi gidan, bisa hujjar cewa an kafa shi ba bisa ƙa'ida ba a wurin tarihi. Dubban mutane sun sa hannu a takardar koke, gidan kuma ya ci gaba da aiki. A watan Yunin 2023 aka buɗe filin ga masu ziyara bayan gyaran da kamfanin Bulgari ya ɗauki nauyi.

Gidan na nema wa kyanwoyi masu lafiya iyalan da za su riƙe su. Waɗanda tsufa ko nakasa ta hana su samun mai ɗauka kuwa, akwai tsarin da mutum ko daga wata ƙasa zai iya ɗaukar nauyin abinci da maganin guda daga cikinsu, ita kuma ta ci gaba da zama a hannun 'yan sa-kai.