Kumburin jijiyar jini cikin kai: shekaru suna da hannu

Cikin kan mutum akwai jijiyoyi masu kai jini ga ƙwaƙwalwa. Wani lokaci gefen jijiya yakan yi rauni ya kumbura, kamar tsohuwar robar cikin ƙafar keke. Cikin manya 100, wajen 3 suna da wannan kumburi. Ga yawancinsu ba ya fashewa.

Ba safai ake ganinsa ga yara ba. Ya fi yawa bayan shekara 40, kuma ya fi kama mata, musamman bayan ɗaukewar haila. Hawan jini da shan taba suna ƙara raunana jijiyar.

In ya fashe, ciwon kai mai tsanani yakan sari mutum farat ɗaya, ga amai, ga sandarewar wuya, wani har ya suma. Wannan ba aikin iskoki ba ne. Ƙaho da tsaga ba su maganinsa. Sai asibiti, nan take.

Tsoho ya fi matashi wuyar murmurewa, don jikinsa ba ya jure wahalar ciwon. Saboda haka wanda ya wuce 40 ya riƙa zuwa awon hawan jini, ya rage gishiri, ya bar taba.